Bangon Gwiwa: Yadda Rabin Mita Ke Yanke Girman Gida a Jamus

Duk wanda ya ratsa sabuwar unguwa a gefen wani ƙaramin gari a kudancin Jamus zai ga gidajen tamkar da mudu ɗaya aka auna su: hawa ɗaya a ƙasa, sai rufi mai tsini, tagogi suna leƙowa daga jikinsa. Ɗakunan kwana a cikin rufin suke. Abin da ya jawo wannan kamanni shi ne takardar tsarin gine-gine da majalisar gari ke zartarwa, wadda Jamusawa ke kira Bebauungsplan. A cikinta akwai wani layi da yakan hana mai sabon fili barci, wato wanda ya ƙayyade tsawon bangon gwiwa.

Bangon gwiwa shi ne ɗan gajeren bangon da ke tashi daga daɓen bene zuwa inda katakon rufi ya zauna. Sunansa da Jamusanci Kniestock, daga kalmar da ke nufin gwiwa, wasu yankuna kuma suna ce masa Drempel. Wanda ya san ɗakin jinka zai gane batun nan take: idan bangon ya yi gajere, tsakiyar ɗakin kaɗai ake iya miƙewa tsaye, gefe kuwa sai a sunkuye. Akwai unguwannin da takardar tsarinsu ta tsayar da wannan bango a santimita 50 ko 75, wasu ma ta haramta shi gaba ɗaya.

Dalilin hukuma

Dokar gine-gine ta tarayya, Baugesetzbuch, wadda ta gaji dokar 1960 kuma ta ɗauki sunanta na yanzu a 1987, ita ta bai wa garuruwa ikon tsara yadda za a yi amfani da ƙasarsu. Kowace jiha daga cikin jihohi 16 tana da tata dokar gini, wadda ke ba gari damar faɗin siffar rufi, gangarensa, wani lokaci har da launinsa. Hujjar hukuma ba ɓoyayya ba ce. Tsawon bango shi ke nuna inuwar da gida zai yi wa maƙwabci, kuma a ƙasar da rana ba ta tashi sama sosai a lokacin hunturu, inuwa babbar magana ce. Da tsawon bangon ne kuma ake lissafa tazarar da dole a bari tsakanin gini da iyakar fili. Sai kuma kishin kamannin gari: ba a so sabon gida ya yi wa tsofaffin kallon ƙasa.

Akwai wani dalili da ya shafi ƙidayar hawa. Unguwanni da dama hawa ɗaya cikakke aka yarda a yi a cikinsu. A Baden-Württemberg, ɗakunan cikin rufi sukan zama cikakken hawa idan tsayin mita 2.30 ya kai kashi uku cikin huɗu na faɗin hawan da ke ƙarƙashinsu, a Bavariya kuwa mizanin kashi biyu cikin uku ne. Ƙara wa bangon gwiwa tsawo na iya mayar da gida mai hawa ɗaya ya zama mai hawa biyu a idon doka.

Lissafin asara

Dokar auna faɗin muhalli da ta fara aiki a farkon 2004 ta raba ɗaki gida uku. Wurin da tsayinsa ya kai mita 2 ana ƙirga shi duka. Wanda ke tsakanin mita 1 da mita 2, rabinsa ake ƙirgawa. Wanda bai kai mita 1 ba, babu shi a lissafi.

A ɗauki misalin bene mai faɗin mita 9 da tsawon mita 10, wato murabba'in mita 90, da rufi mai gangaren digiri 45, inda duk mita guda da aka matso ciki ke ƙara mita guda na tsayi. Idan bangon gwiwa santimita 50 ne, rabin mita na farko a kowane gefe ya tafi a banza, mita guda da ke biye kuma rabinsa za a ƙirga. Abin da ya rage murabba'in mita 70 ne. Da bangon ya kai mita 1.5, da an samu 85. Bambancin, murabba'in mita 15, ya kai ɗakin yaro guda. Idan kuma takardar ta haɗa gajeren bangon da gangaren digiri 35, benen zai koma kusan 61. Wannan lissafi bai ma cire kaurin rufin ba, alhali dokar tsimin makamashi ta 2020 ta sa dole a cusa masa abin tare sanyi mai kauri, wanda ke ƙara cin tsayin ɗaki daga ciki.

Da wannan adadi ake tallar gida, da shi ake yanke kuɗin haya, shi kuma mai ƙiyasin banki ke dubawa. Iyalin da suka ci bashin shekara ashirin ko talatin sun biya kuɗin tubali da siminti na daɓen duka, amma kasuwa ba za ta ƙirga musu wani sashensa ba.

Dabarun masu zane

Gogaggun masu zanen gini sukan fara daga dokar, sannan su zana gidan. Matattakala takan koma tsakiya, ƙarƙashin ƙololuwar rufi, don kada mai hawa ya buga kai. Gefen da ya yi ƙasa akan ba shi abin da ba ya buƙatar tsayuwa: bahon wanka, kan gado, kabad ɗin da kafinta ya ƙera daidai da gangaren. Wasu sukan ja bangon katako daga ciki a inda tsayi ya kai mita guda ko fiye, su mayar da bayansa ma'ajiya. Haske kuwa yakan shigo ta bangayen goshi da na ƙeya, da kuma tagogin da ake kwantarwa a jikin rufi, irin waɗanda kamfanin Velux na Denmak ya yi suna da su.

Babbar mafita ita ce ɗan ɗakin taga da ke ɓullowa daga rufi, wanda ke ba mutum wurin tsayuwa har bakin bango. Sai dai yana da tsada, sau da yawa takardar tsarin ta ƙayyade faɗinsa, kuma yana ƙara wa wurin da ya kai mita 2.30, har ya tura benen ya zama cikakken hawa. Faɗaɗa hawan ƙasa ma yana da iyaka, domin a unguwannin zama an saba barin gini ya rufe kashi 40 cikin 100 na fili kawai.

Neman sassauci

Sashe na 31 na dokar tarayya ya buɗe ƙofar neman sassauci, muddin ba a taɓa ginshiƙin tsarin unguwar ba, an kuma kula da haƙƙin maƙwabta. A sabuwar unguwa samunsa na da wuya, saboda hukuma ta san idan ta ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, gobe layin gaba ɗaya zai zo. Wanda ya yi gaban kansa ya ƙara jeren bulo biyu yana iya gamuwa da umarnin dakatar da aiki, da tara, har da umarnin sauke abin da ya ƙara, bayan rufi ya riga ya hau. Hatta wurin da ake fara awo da inda ake tsayawa yakan bambanta daga wannan takarda zuwa waccan, shi ya sa masu hankali ke miƙa wa ofishin gine-gine tambaya a rubuce, su karɓi amsa a rubuce, kafin su sa hannu a kwangila.

Ma'aikacin da ke tara kuɗin fuloti a Abuja ba ya buƙatar bangon gwiwa, domin ba a kwana cikin rufin kwano a wannan zafi. Amma ya san Sashen Kula da Gine-gine na Babban Birnin Tarayya, wanda ke amincewa da zane, yake kuma sa jan fenti a ginin da ya saɓa masa. Can da nan, takardar hukuma ta riga mai gida isa filin, kuma karanta ta kafin a biya kuɗi ya fi sauƙi a kan roƙo bayan an kai linta. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.