Yadda hirar zaburarwa ke taimaka wa masu hawan jini da ciwon suga su gyara cimarsu

Duk wanda ya taɓa bin layin masu hawan jini ko ciwon suga a Kaduna, ko a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko a Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ya san shawarar da ake komawa gida da ita: a rage gishiri, a rage sukari, a rage maiƙo. Shawara ce mai tushe, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali guda.

Sai dai ɗan kasuwar da ke wuni a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi yana cin abincin saye, ko ma'aikacin da ke karyawa da shayi da burodi kafin ya tafi ofis, yakan riƙe umarnin na 'yan kwanaki, sannan ya koma gidan jiya. Ya san illar, amma yana cikin zuciya biyu: yana son lafiya, yana kuma son abin da bakinsa ya saba da shi.

Domin irin wannan hali ne aka samar da wata hanyar ba da shawara da za a iya kira hirar zaburarwa. Wani masanin halayyar ɗan Adam daga Amurka, William Miller, shi ya fara bayyana ta a shekarar 1983, daga aikinsa da masu fama da shan barasa. A 1991 shi da Stephen Rollnick suka fitar da littafi a kanta, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa barin shan taba da gyaran cima.

Tushenta shi ne, idan ma'aikacin lafiya ya dage yana jero dalilan canji, mai zuciya biyu sai ya kama ɗaya ɓangaren yana karewa: “Haka ne likita, amma…” Yana jin kansa yana kawo uzuri, yana ƙara gaskata shi. Saboda haka ake juya hirar, yadda dalilan canjin za su fito daga bakin majinyacin da kansa.

Dabaru huɗu ake amfani da su: tambayar da ba a amsa ta da “e” ko “a'a”, yaba ƙoƙarin da mutum ya riga ya yi, maimaita masa abin da ya faɗa domin ya ji an fahimce shi, da taƙaita hirar. A misali, maimakon a ce, “Alhaji, ka daina shan lemon kwalba,” sai a ce, “Alhaji, yaya cin abincinka yake daga safe zuwa rufe shago?” Idan ya ce zafin rana ne ke sa shi shan kwalba uku, amma yana tsoron abin da ciwon ya yi wa yayansa, sai a mayar masa: “Wato lemon na sanyaya maka rai, amma ba ka son bin sawun yayanka.”

Akan kuma nemi ya auna muhimmancin canjin daga 0 zuwa 10. Idan ya ce 5, sai a tambaye shi me ya sa bai ce 2 ba. Amsarsa ita ce dalilin da zai riƙe. Kafin a ba shi bayanin ilimi ma, akan nemi izininsa, sannan a ji ra'ayinsa.

A ƙarshe shi ne zai zaɓi mataki ɗaya da zai iya: mayar da kwalba uku zuwa ɗaya, ko rage rabin sukarin shayi, ko a rage dunƙulen ɗanɗano a miya, wanda gishiri ya yi yawa a cikinsa, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Tunda tukunya ɗaya ce ke ciyar da gida, yana da kyau a sa uwargida a cikin shirin.

Wannan hanya ba ta maye gurbin magani ba, kuma idan suga ko jini ya hau matakin haɗari, dole likita ya faɗi abin yi kai tsaye. Tana kuma buƙatar horo da lokaci, alhali layin asibiti dogo ne. Duk da haka, ko a gida tana da amfani. Mai kula da mahaifi ko miji mai ciwon suga zai iya ajiye mita da gori, ya tambaye shi abin da yake ganin zai iya farawa da shi a wannan makon. Shi kuma majinyaci, ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake ci, domin da ita ce za a tsara abin da zai ɗore.