Darasin Katse Sabis a Zamfara Ga Masu Haɗa Manhaja

A farkon Satumban 2021, hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su katse sabis a faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a Oktoba, amma Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi sai da suka haura wata biyu babu kira, babu data. Na'urorin POS suka yi tsit, tura kuɗi ya tsaya. Har lambobin USSD suka daina amsawa, domin su ma da sabis suke tafiya.

Abin da bai tsaya ba shi ne wanda ba ya jiran intanet. Xender da Bluetooth sun ci gaba da kai fayil daga waya zuwa waya.

Nan darasin yake. A ce matashi ya haɗa wa ɗan kasuwar Shinkafi manhajar rubuta bashi. Idan sai da data take buɗewa, ranar da sabis ya ɗauke mutumin bai san wa yake bi ba, kuma littafinsa na takarda zai koma.

Gyaran ba wuya. Manhajar ta fara ajiye kowane lissafi a cikin wayar, misali da SQLite, ta jera abin da ba ta aika ba, sabis na dawowa ta tura. Haka WhatsApp ke yi idan ya sa wa saƙo alamar agogo.

Gwajin ma kyauta ne: a sa wayar a yanayin jirgin sama, a buɗe manhajar. Idan ta tsaya, da sauran aiki.