Uwargida, kin san kaboyin da 'ya'yanki ke yi wa tafi?

Uwargida, in kin taso a Birnin Kebbi ko Argungu, da wuya ba ki taɓa jin wani baba ko kawu yana ba da labarin finafinan kaboyi ba: doki, malafa, bindiga a ƙugu. Yau kuma ga su a YouTube, cikin wayar da kike miƙa wa yaro don ya bar ki ki sauke tukunya.

Cikin waɗanda suka fi suna akwai The Searchers na 1956, wanda John Ford ya ba da umarni, John Wayne ya fito a jarumi. A 2008 cibiyar finafinai ta Amurka, AFI, ta ɗora shi a kan duk finafinan kaboyi na ƙasar. An ɗauke shi a Monument Valley, kuma hotunansa suna da kyau ƙwarai. Amma kyan ɗan maciji ba ya hana shi sara.

Ga labarin. Mayaƙan ƙabilar Komanci sun ƙona gida, sun kashe iyaye, sun tafi da yarinya mai suna Debbie. Baffanta Ethan ya shafe shekaru yana bin sawunta. Da farko za ki ce ga namijin duniya. Sai a hankali ki gane cewa tun da yarinyar ta zama matar sarkin maharan, kashe ta yake son yi, domin a ganinsa ta ƙazantu. Sai a ƙarshe ya sauko, ya ɗauke ta ya kai gida.

Masu yabon fim ɗin suna cewa Ford ya tona asirin ƙiyayyar launin fata ne. Da gaskiyarsu, amma rabi. Komancin da aka ƙwace wa ƙasa ba a ba su bakin magana sosai ba. Sarkinsu ma Bature ne haifaffen Jamus, Henry Brandon, aka shafa wa launi. Ita kuwa Debbie, ba a tsaya an nuna mana abin da ke zuciyarta ba.

Labarin ya samo tushe daga irin na Cynthia Ann Parker, wadda aka sace a Texas a 1836, aka dawo da ita da ƙarfi a 1860, aka raba ta da 'ya'yanta maza biyu. Har ta rasu ba ta sake ganinsu ba.

Mu a Kebbi wannan ba tatsuniya ba ce. A Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan suka yi kusan shekara biyu a daji. Yarinyar da ta dawo daga irin wannan hali, rungumar ta ake yi, ko a bi ta da tsegumi a gidan biki?

Don haka in ɗanki ya kai shekarun kallon fim ɗin, ki zauna tare da shi, akwai kisa da yawa a ciki. In an gama ki tambaye shi: laifin me Debbie ta yi? Da ƙanwarka ce, ya za ka tarbe ta? Amsar da zai ba ki, daga hirar tsakar gidanki ya samo ta.