Yoyon rufi: Yadda mai gida zai tantance shawarar masu gyara idan bakinsu ya rabu

Da zarar hadari ya fara haɗowa a watan Mayu, masu gidajen da silin ɗinsu ya yi tabo a daminar bara kan shiga neman mai gyara. Sau da yawa mutum uku za su duba rufi ɗaya, kowa ya faɗi tasa: kafinta ya ce a sauya kwano biyu, magini ya ce laifin farafet ne, na uku kuma ya ce sai an yaye rufin baki ɗaya. Kuɗin da na ƙarshen zai yanka kan ninka na farko sau da dama.

Wannan saɓani ba kullum ne yake nuna cuta ba. Kowane ma'aikaci yakan hango matsalar ne ta fuskar sana'arsa. Haka kuma ruwa yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, don haka inda tabo ya bayyana ba lallai ne nan ɓular take ba.

A fara da gano mafarin ruwan

Kafin a yi maganar kuɗi, ya kamata kowane mai gyara ya hau rufin, ya leƙa cikin silin, ya ɗauko hoto da waya. Wanda ya yanke farashi yana tsaye a tsakar gida, ƙiyasi kawai ya yi.

Idan tabon yana jikin bango, an fi zargin magudanar da ke bayan farafet, ko indararo da ƙasa da leda suka toshe. Idan a tsakiyar ɗaki ne, a duba ƙusoshin da suka saki da mahaɗar kwano. Idan kuwa rufin ya lotsa, akwai alamar gara ta ci katako ko ya ruɓe, kuma a nan faci ba zai yi magani ba. Zuba ruwa da tiyo sashe-sashe, wani yana lura daga ciki, kan raba gardama.

A rubuta komai

Farashi biyu ba sa kwatantuwa sai an san abin da kowanne ya ƙunsa. A nemi kowa ya rubuta yawan kwano da irinsa da kaurinsa, domin kwanon alminiyom mai kaurin milimita 0.45 ba kuɗinsa ɗaya da mai 0.55 ba. A bayyana girman katako, da ko za a shafa masa maganin gara. A ware kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, a kuma fayyace ko gyaran silin yana ciki. Sau da yawa a nan ake gane cewa mai rangwamen ya tsallake rabin aikin ne. Araha dai ba ta ado.

Idan aikin babba ne

Idan aka kai ga batun yaye rufi, ya fi dacewa a biya wanda ba shi zai yi aikin ba ya duba, kamar injiniya mai rajista da hukumar COREN ko ƙwararren magini mai rajista da CORBON. Wanda ba ya jiran kwangila ba shi da ribar kambama matsala.

Kada a biya kuɗi duka a farko. A raba shi kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe har sai an gwada rufin da ruwa, a kuma rubuta wanda zai ɗauki nauyi idan yoyon ya dawo.

Sai dai bincike bai zama dalilin jan ƙafa ba. Silin da ya sha ruwa yana iya ruftowa kan iyali, kuma danshi kusa da wayoyin lantarki haɗari ne. Gyaran da aka bari har ruwan Agusta ya kankama ya fi tsada, ya kuma fi wahala.