Shin Ko Kun San? Ciwon Nonon Da Ya Ƙi Warkewa, Tsakanin Ayurbeda Da Asibiti

Shin ko kun san cewa tsohon littafin tiyata na Indiya, wanda ake jingina wa likita Sushruta, ya yi bayanin ƙurjin nono tun fiye da shekara 1,500 da suka wuce? Littafin yana cikin manyan ginshiƙan Ayurbeda, wato maganin gargajiyar Indiyawa, kalmar da ke nufin ilimin rayuwa a harshen Sanskirit. Ya kasa kumburi gida uku: ɗanye, da mai shirin nuna, da wanda ya nuna. Mu ma ai haka muke faɗa, maruru ya nuna, a kira wanzami ya yi sakiya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne umarnin da ya bayar idan mugunya ta taru: a tsaga, a kauce wa hanyoyin ruwan nono da baƙin da ke kewaye da kan nonon, sannan a ci gaba da tatse mai shayarwar a kowane mataki na ciwon. Har gargaɗi ya yi kada a riƙa ɗaura haɗin magani mai ɗumi a kan nono don a nunar da ƙurjin, saboda naman wurin yana da taushi, saurin ruɓewa gare shi. Ke nan duk mai tallar kwalba a intanet da ke rantsuwa cewa Ayurbeda na narkar da mugunya ba tare da an taɓa jiki ba, ya saɓa wa littafin da yake tutiya da shi.

Shin ko kun san cewa a Indiya Ayurbeda ma'aikatar gwamnati gare ta? An kafa Ma'aikatar AYUSH a Nuwamban 2014, kuma digirin likitancin Ayurbeda shekara biyar da rabi ake yi. A 2022 aka aza harsashin cibiyar maganin gargajiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya a Jamnagar da ke jihar Gujarat.

Shin ko kun san cewa yawancin kumburin nonon masu jego yana zuwa ne cikin makonni 12 na farko bayan haihuwa, kuma ƙwayar cutar da aka fi samu a ciki, sitafilokokas, tana zaune a fata da hancin mutane da yawa ba tare da ta dame su ba? Tsagewar kan nono ko cunkoson ruwan nono ke ba ta ƙofa. Ba a cire yaro daga nonon saboda wannan. Idan an kwana an wuni zazzaɓi da jan bai sauka ba, maganin kashe ƙwayoyin cuta ake fara sha, galibi na kwana 10 zuwa 14, kuma a shanye shi duka. Yanke magani a rana ta uku don an ji dama-dama na cikin dalilan da ciwon ke dawowa.

Ga wata da za ta ba iyayenmu mata mamaki. A 2022 ƙungiyar likitoci masu nazarin shayarwa, mai mazauni a Amurka, ta sabunta ƙa'idarta ta ce a daina murza nonon da ya kumbura da ƙarfi, a daina yawan tatsa fiye da buƙatar yaro, kuma sanyi ya fi zafi amfani wajen rage kumburin. Murzar tana ƙuje naman ciki ne, ta ƙara wa wurin rauni. Haka ma nonon jariri sabon haihuwa da kan ɗan tasa: sinadaran jikin uwa ne suka jawo, da kansa yake sacewa. Matse shi da ake yi, a Indiya da nan gida, shi ke kai jarirai ga ƙurji.

To, shin ko kun san cewa "ciwon nono mai dawowa" ba cuta ɗaya ba ce? Nan ne maganar take da nauyi. Akwai wanda ke fitowa a gefen kan nono, ya fashe, ya rufe, ya sake fashewa, har ya buɗe 'yar hanya da ke tsiyayar mugunya. Wani likitan Amurka, Zuska, ya bayyana shi a 1951, kuma mafi yawan masu fama da shi masu shan taba ne. Ko an yi tiyata an cire hanyar da ta lalace, idan ba a bar tabar ba yakan komo.

Akwai kuma wani da likitoci biyu, Kessler da Wolloch, suka fara bayyanawa a 1972. Yakan kama mace 'yan shekaru bayan haihuwa, an fi ganin sa a matan Asiya da Gabas ta Tsakiya da Latin Amurka. Dunƙule mai tauri, fata ta yi ja, wani lokaci ta ɓule wuri biyu ko uku. A ido da a hoto yana kama da sankara, alhali ba ita ba ce. Yakan ɗauki watanni, har ya kai shekara ɗaya ko biyu, kuma a wasu matan da kansa yake lafawa. Ku riƙe wannan: cutar da ke iya lafawa da kanta, duk maganin da aka sha daga ƙarshe shi ke kwashe yabo. Shi ya sa shaidar "na sha na warke" ba ta isa hujja ba a nan. Likitoci kan yi amfani da maganin sitiroyid, ko su zuƙe mugunyar su sa ido.

Shin ko kun san cewa tarin fuka na kama nono, ko da mace ba ta tari ko sau ɗaya? Likitan Ingila Astley Cooper ya rubuta shi tun 1829. A Turai da wuya a gan shi yanzu, amma Indiya na ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu tarin fuka a duniya, kuma Najeriya ma tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa. Maganinsa wata shida ne, ana farawa da magunguna huɗu a watanni biyun farko. Haɗarin shi ne yana kama da cutar da Kessler da Wolloch suka bayyana ƙwarai, kuma idan aka ba mai tarin fuka sitiroyid shi kaɗai, an ƙara wa wuta fetur. Babu mai raba su da ido ko da taɓa jijiyar hannu, sai an ɗebi tsoka an kai ɗakin gwaji.

Wadda ta fi duka ban tsoro: akwai nau'in sankarar nono da ba ta zuwa da dunƙule. Nono ya kumbura, ya yi zafi, ya yi nauyi, fatar ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo. A Amurka kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na sankarar nono irin wannan ce, kuma cikin makonni take bazuwa. Don haka idan an sha maganin ƙwayoyin cuta na mako guda ko kwana goma ja da kumburin ba su gusa ba, musamman ga macen da ba ta shayarwa, hoto da gwajin tsoka ne mataki na gaba. Wata uku na jiƙe-jiƙe a wannan halin, ko na Indiya ne ko na kasuwar garinmu, asarar lokaci ce da ba a fanshewa.

Shin ko kun san cewa darbejiyar ƙofar gidanku asalinta daga yankin Indiya take, a zamanin Turawan mulkin mallaka aka kawo ta Afirka ta Yamma? Ita da gangamau, wato kurkur, suna cikin abin da masu Ayurbeda suka fi ba masu kumburi da miki. A kwanon gwaji an ga suna hana wasu ƙwayoyin cuta tsiro. Sai dai kwanon gwaji daban, aljihun mugunya a cikin nono daban, kuma sinadarin gangamau kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini idan an ci. Man darbejiya kuwa guba ne ga jarirai, an samu yaran da suka shiga jijjiga bayan an ɗura musu shi a Indiya da Malesiya. Mai shayarwa kada ta kuskura ta shafa shi a kan nono.

Shin ko kun san cewa a 2004 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken magungunan Ayurbeda 70 da aka saya a shagunan yankin Boston, aka samu dalma ko zaiba ko gubar asenik a cikin 14? An maimaita a 2008 da waɗanda aka saya ta intanet, aka sake samun kusan ɗaya cikin biyar. Wani reshe na Ayurbeda da gangan yake sa ƙarafan da aka ƙone a cikin haɗi, kuma dalma na bi ta ruwan nono zuwa jikin yaro.

A nawa ganin, inda Ayurbeda ke da abin bayarwa shi ne kula da mai jego: hutu, abinci mai sauƙin narkewa, ruwa isasshe, da mai zama ya saurari kukanta. Macen da ta shekara tana canza bandeji tana buƙatar wannan, kuma layin asibiti ba ya ba ta.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su. Zazzaɓin da ya kai digiri 38.5 da rawar ɗari, bugun zuciya da sauri, jiri ko ruɗewa, jan da ke faɗaɗa cikin sa'o'i, fatar da ta fara baƙi, ko dunƙule mai laushi da ke zogi. Mai ciwon suga kuwa ko rabin wannan ta gani, ta kama hanya. Yawancin ƙurji yanzu da allura ake zuƙe shi ana kallo a na'urar sikanin, ba lallai sai an tsaga ba, kuma uwa ta ci gaba da shayar da ɗanta. Idan za a tafi, a haɗa duk kwalabe da ƙulle-ƙullen da aka sha a leda a nuna wa likita, domin ƙwayoyin gangamau masu ƙarfi da wani ganyen Indiya mai suna giloy an same su da taɓa hanta, magungunan tarin fuka ma ta hantar suke bi.