Gwazarma na cin jarin ƴan rake ta ƙarƙashin ƙasa, funfuna na iya kashe ta

A jihar Damagaram, idan aka ambaci rake, sunan Matamaye ne ke fara zuwa baki. Daga fadamun yankin ake sare shi, a ɗaure dami-dami, motoci su kwashe zuwa birnin Damagaram da sauran manyan garuruwan Nijar. Manomi na ci a jikinsa, dillali da ɗan sari da direba na ci, haka ma matar da ke kankare shi tana yankawa gaɓa-gaɓa a bakin kasuwa. Saboda haka duk abin da ya taɓa saiwar rake a gona, ya taɓa aljihun mutanen kasuwa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan maƙiya ita ce gwazarma, farar tsutsar nan mai ƙiba da ke naɗewa kamar lauje idan an tono ta. Iri-iri ce. Wadda aka saba gani a juji galibi ruɓaɓɓen abu take ci, amma tana da ƴan uwa da saiwar shuka ce abincinsu. Uwarsu wani ƙwaro ne dangin buzuzu, wanda ke fitowa da faɗuwar damina ya saka ƙwai cikin ƙasa. Da ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar za ta yi watanni tana gaigayar saiwa ba mai ganinta.

Alamar ɓarnarta ita ce ganye ya yi rawaya ya yi yaushi kamar mai ƙishirwa, alhali ƙasa na da laima. Idan aka ja gindin sai ya tumɓuke ba wuya, iska kaɗan kuma ta kwantar da shi. Raken da ya tsira yakan fito siriri, gaɓoɓinsa gajeru, ruwansa kaɗan. Ɗan sarin da ya sayi gona tun rake na tsaye, ya kamata ya tona gindi biyu ko uku a inda ya ga rawaya kafin ya miƙa kuɗinsa.

Maganin fesawa da aka saba saye a kasuwa ba ya kai mata da sauƙi, tun da tana can ƙasa. Zuba guba a fadama kuwa haɗari ne, domin ruwa na kusa, kuma daga nan mutane da dabbobi ke sha. Ga shi rake da baki ake shansa, ba ya hawa wuta.

Wannan ne ya sa masana suka juya ga funfuna. Akwai wata irinta da ke rayuwa cikin ƙasa, mai suna Metarhizium, wadda masanin Rasha Ilya Mechnikov ya gano a jikin ƙwaron alkama a 1879. Ƙurarta na mannewa a fatar tsutsa, ta tsiro ta huda jikin, ta ci gaba da girma a ciki har tsutsar ta mutu. Gawar sai ta yi fari, daga baya ta koma kore, ta fitar da sabuwar ƙura da za ta kama wasu tsutsotsin. A kan ƙwayar shinkafa akan raine ta kafin a kai wa manoma.

An gwada an gani. A tsibirin Reyuniyon da ke ƙarƙashin Faransa, wata gwazarma da ta shigo daga Madagaska ta bayyana a gonakin rake a 1981, ta yi ɓarna mai yawa. A 1987 aka ɗauko wata farar funfuna mai suna Beauveria daga Madagaskan. Har kama iyayen tsutsar aka riƙa yi ana tsoma su cikin ruwan maganin a sake su, su kai wa ƴan uwansu cutar. Cikin shekaru ɓarnar ta ja baya ƙwarai. A Ostareliya ma an yi wa wani maganin Metarhizium mai suna BioCane rajista a 2000 domin tsutsar rake, manoman Indiya kuma na gauraya ta da taki suna zubawa a gonakinsu.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Shirin LUBILOSA, wanda ya fara a 1989, ya gwada wata Metarhizium a kan fara a yankin Maine Soroa a 1996 da 1997, kuma daga aikinsa aka samu maganin Green Muscle. Sai dai a kula: wannan na fara ne kawai. Wanda ya zuba shi a gindin rake da nufin kashe gwazarma ya yi asarar kuɗinsa, domin kowane ƙwaro da irin funfunar da ke kama shi.

Ga masu sayar da kayan noma, abin lura shi ne wannan magani mai rai ne. Zafi da hasken rana na kashe shi. Ba kaya ba ne da za a baza a tabarma tsakar rana, ko a jibge a shagon kwano ya kwana biyu. Yana son inuwa da sanyi, kuma a duba ranar ƙarewar aikinsa. Wanda ya sayar da matacce ya cuci manomi, ya kuma zubar da amanarsa a kasuwa.

Ga manomi, ana cuɗa shi da takin da ya ruɓe sosai, a zuba cikin kwari lokacin dasa rake, a rufe da ƙasa a ba da ruwa. Ba a haɗa shi da maganin kashe funfuna. Sannan sai an yi haƙuri, domin yakan ɗauki makonni kafin tsutsa ta mutu. Ladan haƙurin shi ne yana iya zama cikin ƙasa mai laima ya ci gaba da aiki har bayan an sare raken.

Ya rage ga ƙungiyoyin manoma da na ƴan kasuwar Matamaye su nemi malaman gona da cibiyar binciken noma ta INRAN su tantance irin gwazarmar da ke fadamunsu, a gwada funfunar da ta dace da ita a ƴan gonaki, kafin kowa ya zuba jarinsa a ciki.