Dashen itatuwa a Dindir: ina gaskiyar take, ina aka ƙara gishiri?

Daga kasuwar Dindir har zuwa Mai Wurno a nan Sudan za ka ji ana cewa in kowa ya dasa itace, damina za ta koma yadda kakanni suka san ta, zafi ya sauka, a daina zancen sauyin yanayi. Akwai gaskiya a ciki, amma an yi mata ƙari.

Itace yana shan iskar kabon da ke ɗumama duniya, yana tare iska, yana riƙe ƙasa. Manomi ya fi kowa sani. Gawo, wanda Larabawa ke kira haraz, yakan zubar da ganye da damina, dawa ta yi kyau a gindinsa, da rani kuma dabbobi su sami inuwa da abin ci. Dakwara tana farfaɗo da gonar da ta gaji, ga ƙaron da Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa. Wannan duk haka yake.

Ƙarin gishirin shi ne a ce dashe zai shanye hayaƙin duniya. Fetur da gas da kwal suna fitar da kabon kusan tan biliyan 37 a shekara, rabon Sudan a ciki bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Itace yana ɗaukar shekaru yana tarawa, ranar da aka mai da shi gawayi kuwa abin da ya tara ya koma sama. Matuƙar manyan ƙasashe ba su rage ƙona mai ba, dashenmu ba zai rufe giɓin ba.

Haka ma cewa kowane itace alheri ne. An shigo da itacen miskit Sudan a 1917, ya mamaye gonaki da hanyoyin ruwa a Sabuwar Halfa da Tokar, har gwamnati ta ba da umarnin a tumɓuke shi a 1995.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙidayar dashe ranar biki. Wa zai ba shi ruwa a watan Afrilu? Wa zai kore akuya? Manoman Maraɗi da Damagaram sun raya hekta kusan miliyan 5 ta hanyar barin tohon kututtura a gona suna sassabe shi, ba tare da sayen dashe ba.

Mu ma muna da abin karewa. Gandun dajin Dindir yana nan tun 1935, da goriba da aduwa da fadamunsa. Dokar gandun daji ta ce manyan gonakin damina su bar kashi 10 cikin 100 ga itatuwa, amma ƙalilan ne ke bi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gas ya yi wuya, gatari ya ƙara shiga daji. Ba na zargin uwar da ke neman abin hura wuta. Amma shugabannin ƙauyuka su keɓe wuraren da ba a sara, kowane manomi kuma ya bar tohon da ya fito a gonarsa, ya dasa irin da ƙasar nan ta sani.